Yadda Ake Zama Gwanin Kallon Tsuntsaye Ba Tare Da An Ga Tsuntsu Ba

Kai da kake son a kira ka gwanin kallon tsuntsaye alhali ba ka iya bambance zalɓe da farar leda, kwantar da hankalinka. Wannan jagora an gwada shi a kan mutum mai rai, ya kuma yi aiki. In ka bi shi sau da ƙafa, kafin damina ta ɗauke za a riƙa matsa maka wuri a kwalekwale, a riƙa yin tsit in ka ɗaga yatsa. Tabbas ne. Ba a ma buƙatar ido. Ido cikas ne kawai.

Wanda aka yi gwajin a kansa shi ne Don Eustorgio Barraza, mai aski a bayan kasuwar kifi ta birnin Barranquilla, wanda ya ajiye almakashi ranar da ya haɗa da kunnen wani direban bas. Matarsa ta rasu, 'ya'ya sun watse. Ba ya sa tabarau, wai na tsofaffi ne. Kuma ba tsuntsu ne ya kai shi gandun bakin teku ba. Doña Etelvina Pacheco ce, shugabar ƙungiyar masu kallon tsuntsaye ta ranar Lahadi.

A ƙungiyar, tsuntsu ba ya shiga lissafi sai mutum biyu sun shaida shi. Don haka kowa yana da shaidarsa: su zauna benci ɗaya a kwalekwale, su sha kofi daga goran ruwan zafi ɗaya. Shaidar Doña Etelvina mijinta ne, marigayi Don Fulgencio. Tun da ya rasu, jakarta take ajiyewa a gurbinsa. Wannan gurbi Don Eustorgio yake so. Ga yadda ake ƙwace wuri a hannun jaka.

1. Fara da kaya, ilimi ya biyo baya in ya ga dama

Nemi hula mai faɗin baki, da riga mai aljihuna rututu, da madubin hangen nesa na ratayawa a wuya. Kada ka je da su sababbi. Sabuwar hula ta fi baki tona asiri. Jiƙa ta da ruwan gishiri, shanya ta, sannan ka zauna a kanta ka kalli wasan ƙwallo guda.

Madubi kuwa aro ake yi. Don Eustorgio ya ari nasa wurin Temístocles, matuƙin kwalekwalen ƙungiyar. Shi ya tsaya wa ɗan Temístocles ranar baftisma, shi ya sa suke kiran juna compadre.

"Compadre, ido ɗaya ya yi hazo fa," in ji Temístocles. "Ɗayan kuma tun da ya faɗa ruwa komai biyu-biyu yake nunawa."

"Madalla. Kowa ya ga tsuntsu ɗaya, ni in ga biyu."

"Kai dai faɗi gaskiya. Tsuntsu kake nema ko shugabar tsuntsaye?"

"Tuƙa jirginka, compadre."

2. Koyi tsayawa cak

Ana cikin tafiya a kan gadar katakon da ta ratsa kurmin ruwa, ka tsaya cak, ka ɗaga yatsa ɗaya, ka karkata kai kamar wanda ruwa ya shiga wa kunne. Kowa zai daskare. Bar su su daskare. Sauro zai samu karin kumallo, ba ruwanka. In ka ga ƙafafu sun fara motsi, sauke yatsan, yi ajiyar zuciya, ka ce a hankali, "Ta tafi."

Ba wanda zai tambaye ka wace ce ta tafi. Mai tambaya ya nuna shi bai ji ba ke nan, kuma a cikin mutanen nan gara mutum ya ce bai yi wanka ba da ya ce bai ji ba.

Amma kada ka zarce. Don Eustorgio ya taɓa yi wa dabarar nan cin ƙoshi a fita guda, har wata malamar makaranta ta ja shi gefe ta ce tana da man zafi in wuyansa ne ke damunsa.

3. Kada ka riga kowa faɗin suna

Bari wani ya faɗa. In ya ce kwasakwasa ce, kai ka daɗe kana dubawa, sannan ka ce, "To. Amma dubi ƙafarta." Shi ke nan. Ka jefa shi cikin kokwanto har yamma, kai kuma ba ka ce komai ba.

Don Eustorgio ya karya wannan ƙa'ida sau ɗaya. Ya hango wani farin abu yana kaɗa fiffike a kan reshe, zumuɗi ya kama shi, ya nuna da hannu ya ce, "Ga shi can!"

Don Abelardo ne ya fara ɗaga madubi. Shi wannan tsohon mai kantin magani ne, ana ce masa Dokta, yana da kyamara mai baki kamar turmi, kuma shi ma gurbin jakar nan yake hari.

"Kai, sarkin almakashi ya yi babban kamu," in ji shi da ƙarfi, don shugaba ta ji. "Wannan jinsin ba ya ƙaura, ba ya ƙwai. Daga kanti yake fitowa, da burodi a cikinsa."

Aka kwashe da dariya. To, nan ake gane gwani. Don Eustorgio bai yi dariya ba. Ya dubi Dokta da idon tausayi ya ce, "Ledar nake nunawa, Dokta. Abin kunya ne a wuri irin wannan." Ya naɗe wando, ya faɗa taɓo har gwiwa, ya ciro ta, ya cusa a ɗaya daga aljihunan nan rututu.

Doña Etelvina ta dube shi, karo na farko, ta ce, "Da kowa haka yake."

Ya rasa takalmi ɗaya a wurin. Har yau yana cewa bai taɓa yin ciniki mai riba irin wannan ba.

4. Riƙe cikin jama'a

Masana sun tabbatar cewa rabin kallon tsuntsaye karin kumallo ne. Tsaya wurin matar nan ta bakin gada, ka sayo arepa, wato wainar masara mai ƙwai a ciki, da zafinta, ka naɗe a takarda, ka fito da ita lokacin da rana ta fara cizo, kowa ya fara tunanin gida. Mutumin da maiƙon arepa ɗinka yake bakinsa ba zai tambaye ka bambancin agwagwa da agwagwa ba.

Dokta biskit na masu ciwon sukari yake kawowa, ya raba yana bayanin abin da mai yake yi wa jijiya. Kada ka hana shi. Ƙarfafa masa gwiwa ma za ka yi.

5. Gano tsuntsun da ba a gani

Kowace ƙungiya tana da nata. Na wannan ƙungiya wata kazar kurmi ce da suke kira mai jan wuya. Tana yawo a ƙarƙashin saiwoyi, inda haske ba ya kaiwa, tana cin kaguwa. Da sassafe, in ta ga dama, namiji ya yi kira mace ta amsa, kamar ana sara itace ana mayarwa. Tsuntsu irin wannan abokinka ne, domin a gabansa kai da mai ido lafiyayye duk ɗaya kuke.

Wata Lahadi, ana cin arepa, Doña Etelvina ta ba da labarin da tsofaffin 'yan ƙungiya suka sani, ba sa kuma tayarwa.

"Fulgencio ya gan ta. Na tsaya ne kawai in cire tsakuwa daga takalmi. Na ɗago na same shi yana nuna saiwa da babu komai a kai. Ba shaida, ba a rubutawa. Ni da kaina na ƙi rubutawa, ni ce shugaba. Bai ƙara tayar da maganar ba har Allah ya karɓi abinsa."

Ta kakkaɓe siket ɗinta, ta dubi jakar da ke gefenta.

"Jakar nan ta gaji da zaman benci. Duk wanda muka ga mai jan wuya tare da shi, shi ne shaidata."

Dokta ya shafa kyamararsa kamar mai lallashin doki. Don Eustorgio ya ƙware da ƙwai.

Sai dai ka san doka. Akwai masu ɗaukar kukan tsuntsu a waya, su kunna a daji, tsuntsu ya ɗauka ɗan'uwansa ne ya fito. Doña Etelvina ba abin da ta tsana kamar wannan.

"Tsuntsuwa ta bar ƙwai, ta bar abinci, ta fito neman wanda babu shi. Wannan ba kallo ba ne, yaudara ce. Wanda na kama, ya sauka daga jirgina."

Ba wasa take yi ba. Ta taɓa korar wani likitan haƙori, ga shi kuwa shi ke kawo ƙanƙara.

6. Karya dokar, amma da ladabi

Kana da abokin hamayya mai kyamara kamar turmi, kai kuma kana da madubi mai nuna hazo. Ka yi lissafi da kanka.

Temístocles yana da kukan mai jan wuya a wayarsa, wani baƙo Bajamushe da ya taɓa ɗauka a jirgi ya tura masa. Don Eustorgio ya same shi yana ɗinkin koma a ƙofar gida.

"Compadre, in ta kama ka fa?"

"Ba za ta kama ni ba. Zan kira kazar ta fito, in kashe wayar, sannan in kira shugaba."

"To in kazar ta fito, da me za ka gan ta? Jiya ka gai da tankin ruwa, ka ce masa ina gajiya."

"Na ɗauka surukarka ce."

"Ai da ka ji amsa." Temístocles ya karɓi wayar Don Eustorgio yana girgiza kai. "Ga shi na sa maka. Wannan maɓallin kunnawa, wannan na kashewa. Na rantse da Uwargijiya ta Carmen, waliyyiyar matuƙa, in asiri ya tonu ban san ka ba, ɗana ma wani ya tsaya masa."

7. In an amsa maka, bi

Lahadin da ta biyo, jirgi ya sauke su a tsallaken tafki gari bai gama wayewa ba. Ruwa ya janye, taɓo ya fito yana wari irin nasa. Aka watse, kowa ya kama lungunsa, kamar yadda aka saba kafin kofi.

Don Eustorgio ya saci jiki ya sauka daga gadar katako, ya kutsa cikin saiwoyi har ya daina jin tarin Dokta. Ya tsuguna. Ya yi alamar gicciye. Ya danna.

Kukan ya tashi, ya ratsa kurmi, ya mutu. Sai sauro.

Ya sake dannawa.

Can daga hagu, bayan wani duhun itatuwa, aka amsa.

Shi da ya zo yin ƙarya, ga gaskiya tana kiransa. Ya danna, aka amsa. Ya matsa, ya danna, aka amsa, yanzu kusa. Ita ma tana tahowa! A nan, ɗalibi, ka manta da mutunci. Don Eustorgio ya yi rarrafe. Saiwa ta cire masa hula, ya bar ta. Kaguwa ta kama masa ɗan yatsa, ya haɗiye ihu. A ransa har ya ga kansa a benci, jaka a ƙasa, Dokta a baya kusa da inji yana shaƙar hayaƙi.

Wani abu mai ja-ja ya motsa tsakanin ganye. Ko da idonsa ya ga wannan. Ya ɗan yi girma, amma ai littafin tsuntsaye bai faɗi komai ba. Ya danna na ƙarshe, ya ɗaga reshe.

Jan ɗankwalin wuyan Doña Etelvina ne. Tana durƙushe cikin taɓo, waya a hannu, wayar tana kuka.

8. In an kama ka, duba hannun wanda ya kama ka

Suka dubi juna. Wayoyin biyu suka ci gaba da gaisawa, namiji ya kira, mace ta amsa, domin duk cikinsu ba wanda ya tuna maɓallin kashewa.

Ita ta fara magana.

"Don Eustorgio. Mene ne wannan a hannunka?"

"Irin na hannunki ne, ranki ya daɗe."

"Ka san doka."

"Na sani. Daga bakinki na ji ta."

Ta danna wayarta da ƙarfi har ta yi shiru. Ta miƙo hannu ta kashe tasa. Fuskarta ta yi ja ta kamo ɗankwalin.

"Yau ne farko," in ji ta. Ta dubi wayarta. "Na biyu. Gwiwoyina sun fara ƙin taɓon nan, Don Eustorgio. So nake in gan ta tun ina iya durƙusawa, in je kabarin Fulgencio in ce masa ya yi gaskiya." Ta share hanci da bayan hannu, ta bar layin laka a kumatu. "Kai kuma fa? Kai da ko zalɓe ba ka gani."

"Kin sani?"

"Wa bai sani ba? Kana riƙe madubi ta baya tun zuwanka."

Shawara ga ɗalibi: a irin wannan wuri kada ka ƙara ƙarya, ta riga ta ƙare. Don Eustorgio ya dubi hannunsa da kaguwa ta ciza ya ce, "Ni ba kaza nake nema ba. Gurbin jakar nake so."

Sai ga ƙarar ƙafafu a kan katako. Dokta ne a gaba, kyamara na dukan cikinsa, sauran 'yan ƙungiya a bayansa suna haki.

"Biyu ne! Namiji da mace! Na ji su da kunnena, har na naɗa! Ina suke? Ina suka yi?"

Doña Etelvina ta fizge wayar Don Eustorgio, ta haɗa da tata, ta tura su ƙasan jaka, ta ɗora goran kofi a kai. Ta miƙe da kyar, ta dafa kafaɗarsa, ta koma shugaba.

"Da wannan gudun naka, Dokta, ko kada ne ai ya tsere. Ba mu ga komai ba. Ba kuma za a rubuta komai ba sai an gani da ido."

"Amma ji ma shaida ne! Ga shi a naɗe!"

"Ban yarda da kukan ba. Akwai wani abu a muryar namijin." Ta gyara ɗankwali. "Tun da Don Eustorgio ne ya gano wurin, shi zai riƙa rako ni, har ranar da muka gan ta. Temístocles, in mun koma jirgi, sauke jakar nan ƙasa."

Da suka koma jirgi, Temístocles ya sauke jaka daga benci, yana kallon sama kamar mai duban hadari, yana danne dariya.

A hanyar komawa ta yi magana ba tare da ta juyo ba. "Gobe ka je a auna maka tabarau. Ba na zama da shaida makaho. Wayarka kuma tana wurina sai na goge abin da ke ciki."

9. In ka ga tsuntsun

Wannan mataki ya fi sauran wuya, don haka ka natsu.

Don Eustorgio ya sa tabarau. Ya gano cewa itatuwa suna da ganye ɗai-ɗai, kuma zalɓe, in an gan shi sosai, abin a tsaya ne. Damina ta wuce, iskar Disamba ta zo ta tafi. Kowace Lahadi su biyu su sauka lungun nan, ta shimfiɗa leda a kan saiwa, su zauna su yi jira, ba waya, ba dabara. Ya ji labarin Fulgencio kaf. Ta ji labarin kunnen direban bas har sau uku, ta yi dariya a duka.

Amma bai manta da sharaɗin ba. Har ranar da muka gan ta, haka ta ce.

Wata safiya tana zuba kofi, ta ba kurmi baya, sai ga ta. Ta fito daga ƙarƙashin saiwa a hankali, tana ɗaga ƙafa kamar mai tsoron ɓata takalmi. Wuya ja kamar bulo da ruwa ya jiƙa, baki kore-kore, ido kamar garwashi. Ta tsaya, ta dubi Don Eustorgio sama da ƙasa, ta tsinci kaguwa.

Yatsansa ya fara ɗagawa da kansa. Ya kama shi da ɗaya hannun ya mayar. In ya yi magana, ta gani, an rubuta, aiki ya ƙare, wa ya san inda jaka za ta koma? In ya yi shiru, ya ci amanar matar da ke zuba masa kofi, da mamacin da ke jiran a ce ya yi gaskiya.

"Me kake kallo haka?" in ji ta.

"Kaguwa."

Ta miƙo masa kofi. Ya karɓa. Ya kasa kai shi baki.

"Etelvina," in ji shi, ya ma manta da Doña ɗin girmamawa. "Ba kaguwa ba ce. Juyo a hankali."

Ba ta juyo ba. Ta hura kofinta.

"Mai ɗan tabo a fiffiken hagu? Tun kafin Kirsimeti take fitowa nan, lokacin da kake goge tabarau. Na riga na je na gaya wa Fulgencio." Ta kurɓa. "In aka rubuta, Dokta zai kwaso mana rabin Barranquilla da kyamarori. Sha kofinka, Eustorgio. Ba mu ga komai ba."

Sanarwa

Mai wannan jagora ba shi da alhakin takalmin da taɓo ya haɗiye, ko yatsan da kaguwa ta kama, ko zazzaɓin sauro, ko korar da za a yi maka in wanda ya amsa kiranka ya zamo mai gadin gandu ne ba shugaba ba. Tsuntsaye ba su sa hannu a wannan jagora ba, kuma suna roƙon ka bar wayarka a aljihu. Mai ƙorafi ya samu Dokta a bencin baya, kusa da inji. Yana nan yana kunna wa duk wanda ya tsaya kukan da ya naɗa, yana bayanin yadda ake gane namijin ya ƙosa.